Kayan yaro na makarantar daji a Turai: abin da ya cancanci kuɗi da abin da bai cancanta ba

Iyalin da ke zaune a Jamus, Birtaniya ko ƙasashen arewacin Turai ba sa daɗewa kafin su ji labarin makarantar daji. Aji ne na yara 'yan shekara 3 zuwa 6 wanda ba shi da bango, yaran suna wuni cikin itatuwa ko ana ruwa ko ana zuba ƙanƙara. A Denmak abin ya faro tun shekarun 1950. Suwidin ta buɗe irin tata a Lidingö a 1985, Jamus ta amince da ta farko a hukumance a Flensburg a 1993, kuma a wannan shekarar ce malamai daga Kwalejin Bridgwater suka je Denmak suka dawo wa Ingila da tsarin. Sai dai sunan ne ɗaya, aikin ya bambanta. A Jamus da Sikandinebiya yaro na iya yin awa 4 ko 5 a waje kowace rana, mafakarsa ɗan ɗakin katako mai tayoyi da ake fakewa idan hadari ya yi tsanani. A Ingila galibi zama ɗaya ne a mako, awa 2 ko 3, a cikin tsarin makarantar da ya saba zuwa. Kafin a sayi ko safa ɗaya, a fara sanin wanne ne yaron zai shiga, domin mai fita kullum yana buƙatar komai bibbiyu, mai fita sau ɗaya a mako kuwa saiti guda ya ishe shi.

Wanda ya tashi da sanyin hunturu irin na Kano ko Damagaram ya saba da busasshen sanyi: a ƙara riga kan riga, rana ta ɗaga a tuɓe. Wannan dabarar ce ke cutar da yara a dajin Turai. Can abin tsoro jiƙa ce, ko daga ruwan sama da taɓo ta waje, ko daga gumi ta ciki. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska kusan ninki 25, don haka yaron da ya jiƙe a digiri 6 ya fi shan wahala a kan busasshe a digiri 5 ƙasa da sifili. Duk kwatancen da ke tafe a kan wannan ya tsaya. Kayan jiki hawa uku ne: abin da ke taɓa fata, na tsakiya, da na waje.

Abin da ke taɓa fata

Zaɓi uku ne: auduga, foliyesta, ulu. Auduga a cire ta daga lissafi tun daga Oktoba har Afrilu. Tana tsotse gumi ta riƙe shi, ta lafe a jiki, kuma ba ta bushewa a ƙarƙashin rigar ruwa. Yaro ya yi gudu minti 20, a kira shi zaman da'ira ko cin abinci, cikin minti 10 ya fara karkarwa alhali an lafta masa riguna huɗu. Singiletin audugar da ke ƙasa ce ta jawo. Wandon jins da safar auduga hukuncinsu ɗaya.

Tsakanin foliyesta da ulu ne ake muhawara ta gaske. Kayan ciki na foliyesta suna da araha, suna bushewa cikin awanni kaɗan, suna jure injin wanki, ba sa ƙaiƙayi. Aibinsu biyu ne: da zarar yaro ya daina motsi ɗuminsu ya ragu, kuma suna yin wari bayan sawa ɗaya, sai an wanke kullum. Ulun merino, wato na wata irin tunkiya mai laushin gashi, yana iya shanye danshi kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an ji shi a jiƙe ba, kuma ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi. Ba ya saurin wari, a shanya shi da dare a sake sawa da safe, wanki sau ɗaya a mako ya wadatar. Tsadarsa ta ninka ta foliyesta, gwiwoyinsa suna hudewa, asu yana cin sa a ajiya, kuma wanki ɗaya da ruwan zafi ya isa ya mayar da rigar ɗan shekara 5 ta jariri. A wanke shi a digiri 30, da sabulun ulu na musamman, domin omo na yau da kullum yana da sinadarin da ke cin furotin, ulu kuwa furotin ne. Kada ya shiga injin busarwa.

A ganinmu, ga yaron da ke fita kullum, ulu ya biya kuɗinsa. A nemi mai kauri giram 150 zuwa 200 a murabba'in mita, saiti biyu na riga da wando. Yaron da fatarsa ke saurin ƙaiƙayi a gwada masa gaurayen ulu da siliki, wanda a Jamus ake yawan samu kashi 70 da 30. Idan duk da haka yana susa, musamman mai ciwon fata na ƙaiƙayi, a koma foliyesta ba tare da jin an gaza ba. Mai fita sau ɗaya a mako ma foliyesta ta ishe shi.

Na tsakiya

Nan ba a buƙatar dogon tunani. Rigar filis, wato yadin roba mai laushi irin na bargo, tana da sauƙin nauyi da kuɗi, tana bushewa da wuri. A ɗauki mai zif har ƙasa, marar hula, saboda hular rigar tsakiya tana cunkushewa a wuya ƙarƙashin ta waje, idan kuma ta leƙo waje ta jiƙe ta kai ruwan ciki. Suwaitar ulu ta fi ɗumi a zaune, ta fi kuma aminci kusa da wuta: makarantun daji na Birtaniya da yawa suna hura wuta, tartsatsi idan ya faɗa kan filis narkewa yake ya manne, ulu kuwa ƙonewa kaɗan yake ya mutu. Rigar da aka cusa wa gashin agwagwa tana da ɗumi sosai a busasshen sanyi, amma da ta jiƙe sai gashin ya dunƙule ta zama ba komai, ga shi ƙaya ɗaya ta isa ta farka ta. A bar ta don zuwa gari.

Na waje: roba ko yadi mai numfashi

Nan ne mafi yawan kuɗi ke tafiya, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Iri biyu ne a kasuwa.

Na farko kayan roba ne da ake kira PU, masu santsi da ɗan sheƙi, waɗanda ba a ɗinka gaɓoɓinsu da zare, manne su ake da zafi. Wandonsu yana da ƙirji da igiyoyin kafaɗa masu miƙewa, da robar da ke zagaya ƙasan takalmi. A shagunan Jamus sunansa Matschhose, a Suwidin galonbyxor. Ruwa ba ya ratsa shi ko yaro ya zauna cikin kududdufi. Taɓo ya bushe a kai a goge da tsumma, ko a watsa masa ruwa a baho a rataye, da safe ya shirya. Yana da araha, shagunan Aldi da Lidl da Tchibo ma sukan fito da shi a lokacinsa. Amma ba ya fitar da gumi ko kaɗan. Yaro mai yawan guje-guje zai dawo cikinsa ya jiƙe sharkaf, iyaye su ɗauka wandon ne ke yoyo, alhali guminsa ne. A tsananin sanyi kuma robar tana ƙagewa, motsi ya yi wuya.

Na biyu yadi ne mai wata siririyar fata a ciki, wadda ke tare ɗigon ruwa ta bar tururin gumi ya fita. An ɗinka shi da zare, sannan an liƙe bayan ɗinkin da tef. Ya fi daɗin sawa, ya fi dacewa da yaron da ke tafiya mai nisa da hawan itace, kuma shi ne ke aiki a iska da dusar ƙanƙara. Raunin sa a wurin zama ne da durƙuso. A jikin takardarsa za a ga lamba da milimita, kamar 5,000 ko 10,000. Ma'anarta tsayin ruwan da za a tara a bututu a kan yadin kafin ya fara ratsawa. Ga riga, 5,000 ya isa ruwan sama na yau da kullum. Ga wando bai isa ba, saboda gwiwar da ta danne jiƙaƙƙen ƙasa tana matsa ruwa da ƙarfin da ya wuce na ruwan sama nesa ba kusa ba. A nemi 8,000 zuwa 10,000 ko sama, a kuma juya wandon a duba ko duk ɗinkunan an liƙe su da tef, domin wasu masu araha kafaɗa da hula kawai ake liƙewa. Wanda aka rubuta masa cewa yana korar ruwa ne kawai, ba tare da wannan lambar ba, ba kayan daji ba ne.

Kula da shi ma aiki ne. A saman yadin akwai wani shafi da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangara. Datti da yawan wanki suna cinye shi, daga nan yadin ya riƙa shan ruwa ya yi nauyi, gumi ya kasa fita. Ruwan tausasa kaya da ake zubawa a injin wanki shi ne babban mai kashe shi, kada ya kusance shi. A wanke da sabulun ruwa kaɗan, a rufe zif da maƙalai, kuma idan takardar ta yarda a sa shi a injin busarwa da zafi kaɗan na minti 20, zafin yana farfaɗo da shafin. Idan ruwa ya daina dunƙulewa duk da haka, akwai feshin sabunta shi. Kamfanoni irin su Reima, Didriksons da Polarn O. Pyret suna rubuta cewa shafinsu ba shi da PFAS, wasu sinadarai da ba sa ruɓewa a muhalli, wannan abin dubawa ne a kowane tambari.

To wanne? Ƙasar da ake zaune ce ke yanke hukunci. A Ingila, Sikotlan, Holan, Denmak da arewacin Jamus, inda hunturu galibi ruwa ne da laka tsakanin digiri 0 da 8, wandon roba ya fi amfani. A tsakiyar Suwidin, Finlan ko Kanada, inda ake watanni ƙasa da sifili, yadi mai numfashi mai cushe a ciki ne na kullum, roba ta ranakun narkewar ƙanƙara ce. Haɗin da ya fi yi wa yara da yawa daidai shi ne gaurayawa: wandon roba a ƙasa inda taɓo yake, rigar yadi mai numfashi a sama inda gumi ya fi taruwa. Kuma wandon roba biyu masu araha sun fi ɗaya mai tsada, saboda wanda ya jiƙe ciki da waje ranar Litinin da yamma ba lallai ya bushe kafin ƙarfe 7 na safiyar Talata ba.

Akwai kuma tambayar wandon roba mai shafin filis a ciki ko marar shafi. Mai shafi yana da ɗumi, amma idan ruwa ya shiga ta ƙafa ko ta wuya sai ya kwana biyu bai bushe ba, kuma a Mayu ba ya sawuwa. Marar shafi ana sa shi duk shekara, a ƙara ko a rage abin da ke ƙarƙashinsa. Idan guda za a saya, marar shafi.

Haɗaɗɗiya ko riga da wando daban

Haɗaɗɗiyar rigar sanyi, wadda riga da wando suke a haɗe da zif ɗaya, ita ce kayan yaran Denmak da Norwe da Finlan a hunturu. Ba ta da kafa a ƙugu da iska ko ƙanƙara za su shiga, kuma ɗan shekara 3 zai iya shimfiɗa ta a ƙasa ya zura ƙafafu ya ja zif da kansa. Matsalarta fitsari. Dole a tuɓe ta har gwiwa, hannayenta su ja ƙasa cikin laka, yaron kuma ya tsaya rabin jikinsa a buɗe cikin sanyi. Yaron da bai daɗe da barin kunzugu ba sau da yawa ba ya kai wa ga buɗe ta. Sannan ba a rage ta: rana ta fito, ko dai ya ci gaba da gumi ko ya tuɓe gaba ɗaya.

Riga da wando daban suna ba da damar cire riga a bar wando, a wanke wando kaɗai, a maye wanda ya yage ba tare da sayen duka ba. Amma idan wandon mai igiyar kafaɗa ne kuma an sa shi ƙarƙashin rigar, sai an cire rigar kafin a sauke shi. Dabarar ita ce igiyoyin su hau kan filis, rigar waje kaɗai ta rufe su, a kuma koya wa yaro ɓalle maƙalan a gida kafin ranar farko. A taƙaice, ƙasa da shekara 4 a ƙasa mai ƙanƙara, haɗaɗɗiya. Daga 4 zuwa sama, ko a ƙasar ruwa da laka, biyu.

Girman kayan yara a Turai da tsayin yaro ake auna shi a santimita, ana tsallake shida-shida: 98, 104, 110, 116. Na waje a ɗauki mataki ɗaya sama da tsayinsa don kayan ciki su samu wuri. Mataki biyu kuskure ne, ko da niyyar ya yi shekara biyu: ƙafar wandon za ta riƙa shiga ƙarƙashin diddige ta tsage, tsakiyarsa ta sauko har gwiwa ta hana shi hawa komai. Wani abu da ba a cika faɗa ba: kada a ɗaure yaro a kujerar mota da haɗaɗɗiya mai kauri a jikinsa, cushen yana hana bel kama jiki yadda ya kamata. A sa masa ita idan an isa.

Ƙafa

Yaron da ƙafarsa ta yi sanyi ya gama wasa ranar. Takalmin roba dogo ba ya shan ruwa, amma shi kansa ba shi da ɗumi, sanyin ƙasa yana ratsa tafinsa kai tsaye, kuma ba ya kama idon sawu, don haka tafiya mai nisa a kan saiwoyi tana gajiyar da yaro. Yana da kyau daga digiri 5 zuwa sama, da safar ulu da shimfiɗar ulu a tafin ciki. Takalmin hunturu mai fata mai numfashi a ciki ya fi ɗumi da kama ƙafa, ya fi kyau a ƙanƙara, amma kududdufin da ya wuce idon sawu zai cika shi, kuma yana ɗaukar kwana guda ko fiye kafin ya bushe. Tsakaninsu akwai takalmin roba mai shafin ulu ko na soso a ciki wanda ake zarewa. Ga hunturun ruwa da laka shi ne ya fi dacewa, saboda ana zare cikin a shanya daban. Mai fita kullum yana buƙatar iri biyu, ba makawa.

A bar sarari milimita 12 zuwa 15 gaban babban yatsa, a auna yaro yana tsaye sanye da safar da zai riƙa sawa. Hanya mai sauƙi ita ce a zaro shimfiɗar tafin takalmin a ɗora ƙafarsa a kai. Safa biyu masu kauri a matsattsen takalmi suna ƙara sanyi ne, domin jini ba ya zagayawa kuma babu iskar da za ta riƙe ɗumi. Safar ulu ɗaya mai kyau ta wadatar. Ƙafar wandon ruwa a kan takalmi take sauka, a zagaya robar ta ƙarƙashi. Idan aka cusa ta ciki, duk ruwan da ya gangaro daga wandon a takalmin zai taru. Wajen busarwa a cusa tsohuwar jarida a canza ta bayan awa biyu, kada a ɗora kan hita, zafi yana fasa roba yana kuma sakin gam.

Hannu, kai da wuya

Safar hannu mai yatsu biyar tana ba da damar riƙe igiya da sanda, amma kowane yatsa shi kaɗai yake yaƙi da sanyi, kuma sa wa ɗan shekara 3 ita aiki ne. Mai jaka ɗaya, wadda yatsu huɗu ke zama tare, ta fi ɗumi ƙwarai. Abin da ya fi aiki shi ne siririyar safar ulu a ciki, da ta roba mai jaka ɗaya a kai mai dogon wuya da ke hawa kan hannun riga. Safar hannu ce abin da ya fi saurin jiƙewa da ɓacewa, don haka biyu a jaka, ɗaya a hannu. Ta saƙa kaɗai ba ta minti biyar a jiƙaƙƙen daji.

Dogon mayafin wuya ba ya shiga daji, makarantu da yawa sun hana shi, saboda yana maƙalewa a reshe ya shaƙe yaro. Dalili ɗaya ne ya sa ƙa'idar Turai ta EN 14682 ta hana igiyar zuge a hula da wuyan kayan yara 'yan ƙasa da shekara 7. Kayan da aka aiko daga wata ƙasa ko tsofaffin gwanjo a duba su, in da igiya a zare. Hular rigar waje ta zama mai maɓallan ɓallewa, yadda idan ta kama reshe za ta cire da kanta. Maimakon mayafi a yi amfani da zagayayyen wuya na ulu, ko hular da ta haɗa kai da wuya ta bar fuska kaɗai. Yarinyar da ke sa hijabi wannan hular ta ulu tana yi mata aiki biyu a hunturu. A sauran watanni a ɗauki ƙaramin hijabi na zurawa, marar fil, a cusa ƙasansa cikin riga. Ulu yana busar da gashi yana kuma karya bakin kitso, don haka hula mai shafin satin a ciki ta fi, ko a ɗaura siririn ɗankwali kafin hular. Kitson da ya kwanta ya fi wanda aka tara a tsakiyar kai, wanda ke ɗaga hula ya bar kunnuwa a waje.

Man kaɗanya ko Vaseline a kumatu da leɓe yana hana tsagewar fata, amma ba ya hana sanyi cin naman fuska, rufewa ce ke hanawa. A fata mai duhu ba a ganin ja ko fari da littattafan can ke kwatantawa, sai dai wurin ya yi toka-toka ya taurara, yaron ya ce ba ya jin sa. Yana da kyau a gaya wa malamai haka. Don sanin ko kayan sun yi daidai, a zura hannu a bayan wuyansa lokacin ɗauka: ɗumi a bushe daidai ne, danshi alamar an yi yawa, gobe a rage ɗaya.

Daga Afrilu zuwa Satumba

Zafi ya zo ba yana nufin gajeren wando ba. Kaska tana fara motsi da zarar an kai wajen digiri 7, tana zaune a dogayen ciyayi. Tana ɗauke da cutar Lyme a kusan duk Turai, a kudancin Jamus, Ostiriya, sassan Suwidin da ƙasashen Baltik kuma akwai wata cutar kumburin ƙwaƙwalwa da take yaɗawa, wadda Jamusawa ke kira FSME. Wannan ta biyun tana da rigakafi da ake yi wa yara daga shekara 1, a tambayi likitan yara. Don haka dogon wando marar nauyi, a cusa ƙafarsa cikin safa, riga mai dogon hannu, launi mai haske don a ga kaskar tana tafiya. A nan auduga ta dawo da amfaninta a ranar da ba ruwa, kodayake wandon da aka gauraya da foliyesta mai ƙarin yadi a gwiwa ya fi daɗewa. Takalmi rufaffe, ba silifa ba, ba sandal ba. Kowace yamma a duba bayan kunne, gefen gashi, tsakanin layukan kitso, hammata, cibiya, matsematsi da bayan gwiwa. Idan an samu, a kama ta da matsefata dab da fata a ja a hankali, ba mai, ba ashana. A rubuta ranar, a riƙa duba wurin har makonni, domin zoben da cutar Lyme ke fitarwa a fata mai duhu yakan yi kama da tabon bugu ne kawai.

Hula mai baki da ke rufe ƙeya ta fi hana-salla. Man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama ana shafa wa yaranmu ma, a gida kafin fita. Kuma yawan zama a waje bai ɗauke buƙatar bitamin D ba, tunda ranar arewa daga Oktoba zuwa Maris ba ta da ƙarfin samar da shi, fata mai duhu kuma ta fi jinkiri. Hukumar lafiya ta Birtaniya tana ba da shawarar maikurogiram 10 kullum ga yara 'yan shekara 1 zuwa 4.

Jaka

Lita 8 zuwa 12 ta isa, da maƙalin ƙirji da yaro zai iya ɓallewa da kansa. In babu maƙalin, igiyoyin suna zamewa daga kafaɗar rigar roba kowane taku goma. Nauyinta kada ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin yaron, wato ɗan kilo 16 ya ɗauki kilo ɗaya da rabi. A ciki: ɗan faifan soso na zama, wanda ba shi da tsada amma ya fi rigar ƙari amfani lokacin cin abinci, gorar ruwa, akwatin abinci da yake iya buɗewa da sanyayyun yatsu, safa da safar hannu na canji a leda mai zif, da jiƙaƙƙen tawul ƙarami na goge hannu. A hunturu ƙaramin fulas na mililita 350 da shayi marar zafi sosai ya fi gorar ruwan sanyi, wadda yara ba sa taɓawa. A ƙarshen Yuli zuwa Satumba rina tana bin zaƙi, shi ya sa makarantu da yawa ke hana lemo da jam, a kuma ɗauki gora mai ƙaramin baki.

Sabo ko gwanjo

Ulu, filis da haɗaɗɗiyar sanyi suna da kyau a gwanjo, ana samunsu a shafukan intanet irin su Vinted, Kleinanzeigen a Jamus, Blocket a Suwidin, Finn a Norwe, da kasuwar iyaye da makarantu kan shirya. Ulu a ɗaga shi ga haske a nemi hudar asu. Yadi mai numfashi a juya shi a duba ko tef ɗin yana ɓarewa, musamman a wuya da tsakiyar wando, in yana ɓarewa a bar shi. Wandon roba sabo ya fi, tunda ba shi da tsada kuma tsohon yana tsagewa a gwiwa da mazauni. Ƙaramar huda ana liƙe ta da facin roba mai gam daga ciki da waje. Takalmin da wani ya taka har tafinsa ya karkace kada a saya, ko da saman yana sheƙi.

Idan kuɗi ya yi kaɗan, a fara da takalmi, sai kayan ciki na ulu, sai safar hannu. Rigar waje ce iyaye suka fi kashe wa kuɗi saboda ita ake gani, alhali mai matsakaicin farashi da ɗinki liƙaƙƙe tana yin aikin. A zaɓi launi mai ɗaukar ido kamar ja, ruwan lemo ko rawaya, don malami ya hango yaro tsakanin itatuwa, da layukan da ke sheƙi a hasken mota, tunda a Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 3 a Stockholm, kafin 4 a Landan. A rubuta suna a kan komai da alƙalamin da ba ya wankewa, har safa da kowane ɓarin safar hannu, domin a aji guda ana iya samun wando shida iri ɗaya daga shago ɗaya. Kayan canjin da ake ajiyewa a makaranta kuma a duba su duk wata uku, kada a buɗe jakar a Janairu a tarar da gajeren wandon Yuni wanda ya riga ya yi masa kaɗan.